Injin lanƙwasa akirilik mai sarrafa kansa: zai magance ƙorafin kwastoma ko kuwa ƙarin kashe kuɗi ne?

Mai_Allon_Talla (Area 10, Garki):

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Shagonmu na aikin allunan talla ne da kayan nuni: mazaunin takardar farashi na kan teburin gidan abinci, akwatin neman taimako na masallaci, mariƙin waya na shagunan sayar da wayoyi, da makamantansu. Yawancin aikin da Perspex mai kaurin milimita 3 da 5 muke yi, jefi-jefi mai 8 ko 10. A yanzu hita mai waya ɗaya muke da ita, yara na lanƙwasawa da hannu a kan katako.

Abubuwa uku ne ke damun mu. Kwanar ba ta fitowa iri ɗaya, a guda hamsin sai ka ga wasu sun kai digiri 90 wasu sun buɗe baki. Na biyu, kumfa na fitowa a layin lanƙwasa, musamman a mai kauri. Na uku, wasu kayan sai sun kwana biyu a hannun kwastoma sannan ƙananan tsagu su bayyana a kwanar. An yi mana tallan inji mai tsawon mita 1.2 wanda ke ɗumamawa, ya lanƙwasa, ya riƙe har ya huce, duk da kansa. Shin zai kawar da waɗannan ukun? Me ya kamata in duba kafin in biya, kuma yaya ake saita shi?

Tsohon_Hannu (Idu):

Wa alaikumus salam Malam. A cikin ukun nan, na farko kaɗai injin zai ɗauke maka kai tsaye. Kumfa da tsagewa daga allon da yadda ake ba shi zafi suke, kuma idan saitin bai yi ba, injin zai maimaita maka kuskure ɗaya sau ɗari ba tare da ya gaji ba.

Fara da sanin allon da kake saye. Akirilik iri biyu ne a kasuwa, duk da sunan Perspex ake kiransu. Akwai kast, wanda ake zubawa tsakanin gilasai biyu ya daskare, akwai kuma ekstirud, wanda inji ke turowa ta tsakanin rola. Dukkansu suna fara laushi a zafin wajen digiri 105 na Celsius, amma zafin lanƙwasa ya bambanta: ekstirud yana son wajen 150 zuwa 160, kast kuwa 160 zuwa 175. Da fuskar allon ta doshi 200 sai kumfa. To idan ka saita injin da kast, gobe aka kawo maka ekstirud mai kauri iri ɗaya, zai ƙone. Kuma kaurin kast ba ya tsayawa daidai, allon da aka rubuta 3 a jikinsa za ka iya auna 2.7 a wannan gefe, 3.2 a wancan. Sayi ma'aunin baniya, wato mai auna kauri, a riƙa auna kowane allo kafin a yanka.

Akwai kuma wanda ba akirilik ba ne sam, folistarin ne ake sayarwa da araha. Ka ɗauki ɗan guntu ka kunna masa wuta a waje: akirilik na ci da harshe mai tsabta da ɗan ƙamshi-ƙamshi, folistarin kuwa baƙin hayaƙi yake yi mai toka-toka da ke yawo a iska. Shi wannan yana saurin karyewa, rana kuma tana mai da shi rawaya.

Sai faɗin wurin da ake ɗumamawa, wanda nan ne yawancin shaguna ke kuskure. A inji mai kyau akwai sandunan alminiyam biyu a gefen hitar, ruwa na zagayawa a cikinsu, tazarar da ke tsakaninsu ita ce iyakar inda zafi zai taɓa. Don kwanar digiri 90, ka buɗe tazarar aƙalla ninki uku na kaurin allon: milimita 9 zuwa 10 ga mai 3, wajen 15 ga mai 5, 30 ko fiye ga mai 10. Idan ka matse tazarar don neman kwana mai kaifi, bayan kwanar zai miƙe fiye da kima ya yi siriri, ciki kuma ya tattare. Idan kwana mai kaifi kwastoma ke so, a fere kwari mai siffar V da rauta, wato injin fere katako da allo, zurfinsa wajen rabin kaurin, a ɗumama ta ɗaya fuskar, a lanƙwasa kwarin ya rufe ta ciki.

Kumfar da kake gani a mai 8 da 10, dalilinta a fili yake. Akirilik ba ya saurin isar da zafi cikinsa. Waya ɗaya ta ƙasa tana dafa fuskar da ke kallonta alhali tsakiya bai yi laushi ba, yaro ya taɓa ya ji da tauri ya ƙara lokaci, fuska ta tafasa. Daga milimita 5 ko 6 zuwa sama, sai hita sama da ƙasa, ko a riƙa juya allon. Saboda haka kada ka sayi injin da hitarsa ta ƙasa ce kaɗai in dai kana aikin mai kauri. Rage zafi ka ƙara lokaci ya fi ƙara zafi ka rage lokaci. A matsayin mafari, lissafa wajen minti ɗaya ga kowace milimita a zafi matsakaici, daga nan gwaji ya gyara maka. In hita ɗaya ce, fuskar da ta sha zafi ita ke zama bayan kwana, ba ciki ba.

Danshi ma na kawo kumfa. Allon na shan ruwan iska a hankali, kuma da damina a Abuja, allon da ya yi watanni a sito ba a rufe ba zai iya yin kumfa ko da zafin daidai ne. Ekstirud ya fi yin haka. A ajiye alluna a ledarsu, nesa da bango da ƙasa. Wanda ya riga ya sha danshi sai an busar da shi a tanda a wajen digiri 75 zuwa 80, ya kwana.

Dogon layi kuma yana da nasa: idan ka lanƙwasa abin da ya kai mita, sai ya fito a gantsare kamar baka, domin layin da aka ɗumama yana tsukewa in ya huce. A ekstirud, tsukewar ta fi yawa a tsawon da injin kamfani ya turo shi, wanda yawanci shi ne dogon gefen allon mai ƙafa 4 da 8. Ka tsara yankanka yadda layin lanƙwasa zai ratsa wannan tsawon, kada ya bi shi.

Injiniya_Kubwa:

Maigida ya gama da allo, bari in taɓa wuta, domin a nan garin ita ke watsa saitin inji fiye da komai.

Hita ba ta da wayo. Zafin da take bayarwa yana tafiya ne da ƙarfin wuta a ninka shi da kansa. Wutar da ya kamata ta zo bolt 230, in ta sauko 200, hitar na ba da kashi 76 cikin ɗari na zafinta. In ta kai 190, kashi 68. To injin da agogo kawai yake bi, wanda ka ce masa daƙiƙa 120, da safe zai ba ka kwana mai kyau, da yamma wuta ta yi ƙasa ya lanƙwasa allon da bai nuna ba. Silindar iska da ke tura hannun lanƙwasa ba ruwanta, turawa za ta yi. Irin wannan kwanar ce ke fita lafiya a ido, ciki kuwa a ɗaure take, sai ta tsage a gidan kwastoma.

Tambayi mai sayarwa ƙarara: akwai na'urar auna zafi a jikin hitar da kwantirola mai PID, ko kuwa mariƙin juyawa ne kawai irin na rage hasken fitila? Mai PID yana kunnawa da kashewa ta rilen SSR, wato makunnin lantarki marar motsi, don riƙe zafi a lamba ɗaya. Amma ko shi, in wutar ta yi ƙasa sosai, zai buɗe har ƙarshe bai kai lambar ba. Don haka sitabilaiza irin ta servo, mai daidaita wuta da ɗan moto a cikinta, dole ce, wadda ƙarfinta ya haura na injin da aƙalla rabi. Duba farantin da ke jikin injin ka ga kilowat nawa, ka haɗa da famfon ruwa. Kwampireso a ba shi layinsa daban, domin lokacin tashi yana jan wuta ninki uku ko fiye, kuma a kan ƙaramar janareta wannan fizgar na iya sa kwamfutar injin ta mutu ta farfaɗo a tsakiyar aiki.

In injin mai wutar layi uku ne, kula da wani abu: yawancin injinan Sin bolt 380 aka yi su, namu layi ukun kuwa yana kaiwa 415. Ga hita, wannan ƙarin zafi ne na kusan kashi 19 cikin ɗari. Lambobin da ke cikin littafin injin ba za su yi maka aiki ba sai ka sake gwaji, kuma hitar za ta riga lokacinta mutuwa.

Sayi bindigar auna zafi ta infared. Tana karanta fuskar akirilik ko da garau ne, amma ka matso da ita kusa, in ba haka ba za ta haɗa layin mai zafi da gefensa mai sanyi ta ba ka lambar ƙarya. Lambar da ke kan allon injin zafin hita ce, ba zafin Perspex ba.

Iska: yawancin injinan matsin iska na bar 6 suke so. Sa matatar ruwa da rigileta kafin injin, a riƙa zubar da ruwan tankin kwampireso kullum da damina, in ba haka ba bawul zai fara maƙalewa, hannun lanƙwasa ya riƙa fizga. A silinda akwai ɗan sukurun rage gudu, a sassauta shi hannun ya tafi a hankali cikin daƙiƙa uku zuwa biyar.

Ruwan sanyaya kuwa, ruwan burtsatse na tara farin dutse a cikin sandunan. A sa mai tsabta a riƙa canzawa, kuma a sa makunnin da zai kashe hita in ruwa ya daina gudu. A watan Maris ƙaramin tanki yana ɗumama kafin azahar, sandunan su daina tsare zafi, kwana ta yi ta faɗi. Babban tanki a inuwa ya wadatar.

Waya tsirara da ruwa a inji ɗaya ne, don haka wayar ƙasa ta gaske da birekar da ke yankewa a miliamfa 30 ba abin sakaci ba ne. Akirilik kuma na cin wuta sosai, a ajiye abin kashe gobara a kusa, kada a bar guntaye a ƙarƙashin hita.

Mai_Allon_Talla:

Allah ya saka da alheri, Maigida da Injiniya. Wanda aka nuna mana hitarsa bututun gilashi ce ba waya ba, sun ce ta fi. Gaskiya ne? Kuma dillalin ya ce injin zai yi mana haruffan allo masu tudu.

Injiniya_Kubwa:

Bututun gilashin nan, wato kwatz, ya fi saurin ɗaukar zafi kuma ba ya lotsawa, amma yana fashewa, kuma samun mai tsawon naka da ƙarfinsa a Abuja ba tabbas. In za ka saya, a haɗo maka da huɗu ko shida na ajiya, da SSR biyu, da na'urar auna zafi, da zanen wayoyin injin, da lambar sirrin shiga saitin kwamfutarsa. Wayar hita ta nikirom kuwa araha ce kuma kowane mai gyaran hita zai canza maka. Aibinta tana miƙewa in ta yi zafi, sai an sa mata sifirin a ƙarshe yana ja, in ba haka ba tsakiya ya lotsa, tsakiyar allo ya ƙi nuna. Da kwatz launi na tasiri sosai: baƙi na riga garau nuna, kowanne da saitinsa.

Batun haruffa, a bincika da kyau. Injin da ke naɗe gefen haruffa masu tudu daban ne, tsirin alminiyam ko bakin ƙarfe yake tsagawa ya lanƙwasa bisa zanen kwamfuta. Wanda kake magana a kai miƙaƙƙen layi kawai yake yi. Ba zai yi maka harafin S ba.

Hajiya_Mai_Leza (Wuse):

Ni ina da ja a kan sayen mai sarrafa kansa gaba ɗaya, Malam, kuma lissafi ne ba ra'ayi ba.

Injin da ke lanƙwasawa ya riƙe, a wuri ɗaya yake ɗumamawa da hucewa. Lokacin hucewa kuwa bai kamata ya gaza na ɗumamawa ba. A ce mai 3 ya ɗauki minti biyu ya nuna, minti biyu ya huce: minti huɗu ke nan kowane zagaye, zagaye 15 a awa, rabin lokacin hita na zaune. Mai rabin sarrafa kai, wato mai PID da agogo da ƙararrawa da ruwan sanyaya amma hannu ke ɗauka, da an ɗauke wannan a sa a mariƙi, wato katakon da ke riƙe kwana har ta huce, sai a ɗora wani. Mazaunin takardar A4 faɗinsa milimita 210 ne, biyar za su jeru a hitar mita 1.2. Da mariƙai goma na katakon MDF da yara biyu, za ka ninka abin da mai tsadar ke fitarwa.

Kwanar da kake kuka da ita, mariƙi ne maganinta. A yanke shi a rauta daidai digirin da ake so, a shimfiɗa masa kyalle mai laushi inda allo zai kwanta, a bar rami a daidai kwanar kada mai zafi ya taɓa katako ya ɗauki shaidarsa. Buɗe bakin da kake gani, cire kaya ake yi da wuri. Sai kwanar ta huce yadda za a iya riƙe ta da hannu, wajen digiri 60, sannan a ɗaga. Kada a zuba ruwa don sauri, kada fanka ta riƙa bugun gefe ɗaya.

Inda mai sarrafa kansa ke biyan kuɗinsa shi ne odar ɗaruruwa ta abu iri ɗaya da ke dawowa duk wata, ko dogayen kaya masu kauri da hannu biyu ba sa iya ɗagawa a miƙe. In aikinka yau ashirin na wannan, gobe talatin na wancan, lokacin canza saiti da guntayen gwaji za su cinye ribar. Da kuɗin gara ka nemi mai hita biyu ko uku da ake matsarwa, ya ɗumama duk layukan abu ɗaya a tashi guda.

Wani abu da ke ɓata kaya ko da wane inji: tsawon yanka. Kwana na cin tsawo. Allo mai 3 da aka lanƙwasa da gantsarwar ciki (radiyas) ta milimita 6, in kana son ƙafafu 100 da 200 a aunin waje, ba 300 za ka yanka ba, wajen 294 ne, domin kowace kwana na rage kusan 6. Ka gwada da guntu, ka auna, ka rubuta. A samu littafi: irin allo, kauri, launi, tazarar sanduna, zafi, daƙiƙun ɗumamawa da na hucewa, abin da kwana ta ci. A injin mai kwamfuta ma haka za ka adana su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda zai zo maka da su a shirye.

Tsohon_Hannu:

Hajiya ta yi gaskiya a lissafi, sai dai yaran da za su tsaya kan ƙararrawa ba tare da waya a hannu ba su ne wahalar samu, shi ya sa wasu ke gwammace injin.

Saura tsagewa, wadda ba a amsa sosai ba. Duk inda aka ɗumama wani sashe aka bar wani da sanyi, akwai matsi da ke maƙale a ciki. Layin lanƙwasa na da shi, gefen da leza ta yanka na da shi, gefen da aka goge da harshen wuta ya fi kowanne. Matsin na zaune shiru har sai wani sinadari ya taɓa wurin: sifirit, tina, fetur, asiton, ruwan goge gilashi, man tsabtace hannu mai barasa. Ma'aikacin gidan abinci ya fesa ɗaya daga cikinsu ya goge, washegari kwana ta yi zane-zane. Kulorofom ɗin da ake haɗa akwati da shi ma haka yake yi in ya gangaro kan kwana, kuma ekstirud ya fi kast saurin kamuwa.

Gwaji mai sauƙi: ɗauki guda ɗaya daga cikin oda, ɗiga sifirit a kwanar da gefen leza, jira 'yan mintuna. In ya tsage, sauran ma haka za su yi a hannun kwastoma.

Maganinsa gashi a tanda mai fanka bayan an lanƙwasa, kafin a sa gam. Kast a digiri 80, ekstirud a 70. Awannin gashi: raba kaurin da uku, amma kada ya gaza awa biyu. Mai 3 da mai 5 awa biyu ke nan, mai 10 awa uku da minti ashirin. Sannan a kashe tanda a bar shi ya huce a ciki, kada saukar ta wuce digiri 15 a awa, kada a buɗe sai ya sauka ƙasa da 60. Akwatin ƙarfe mai rufin hana zafi fita, da hita da fanka da PID irin wanda Injiniya ya ambata, ya isa. Masu walda a Dei-Dei za su haɗa jikin. Ba kowane kaya ke buƙata ba, amma duk abin da za a sa wa gam ko fenti, ko za a riƙa gogewa kullum, a gasa shi.

Kafin ɗumamawa a ɓare takardar kariya a layin, fuska biyu, ta ɗan fi tazarar sanduna faɗi, domin gam ɗinta na narkewa ya manne. Ɓarewar na sa allon jan ƙura, kuma da hunturu duk ƙurar da ta sauka a layi mai laushi ta zauna ke nan. A goge da kyalle mai ɗan danshin ruwa da sabulu kaɗan, a bari ya bushe sarai. Kada a huda rami kusa da layin kafin lanƙwasa, zai koma siffar ƙwai. A bar aƙalla ninki uku ko huɗu na kauri daga bakin wurin zafi, ko a huda daga baya. 'Yan kunnuwan da ke ɓullowa a ƙarshen kwana ta gefe biyu kuwa, a mai kauri ba makawa, sai a bar rarar milimita biyu a kowane gefe a share bayan ya huce.

In ka je ganin injin, tafi da guntayen allonka na 3, 5 da 10, ba nasu ba. A lanƙwasa goma a jere na kowanne, ka jera su a kan tebur ka sa sukwaya, sannan ka ɗiga wa na farko da na goma sifirit.